Polycarp Mai Firji da Kwalbar Neman Aure

Masu gyaran firji suna da yawa a Gombe. Amma idan kwalbar wiski ce ta shigo hannunka kana kokwanton abin da ke cikinta, mutum ɗaya za a nuna maka, Polycarp Mai Firji. Haka dai abin yake har zuwa wata Asabar ta watan jiya, wadda waɗanda suka halarce ta har yau ba su gama dawowa hayyacinsu ba.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya sauka a garin, a bayan motar kaya daga Anaca, lokacin Gombe tana ƙarƙashin Bauchi. Kawunsa ne ya kawo shi koyon sana'a. Kawun ya tsufa ya koma gida, shi ya zauna. Hausa ta kama bakinsa har ta kai idan ya je garinsu Kirsimeti 'yan uwansa Malam suke ce masa. Ya auri Ego, mai sayar da agushi da busasshen kifi a kasuwa, suka haifi ɗa guda, Dennis. Ya buɗe shago a bakin unguwar Federal Low-Cost, inda firjin ma'aikata ba ya rabuwa da ciwo saboda wutar da ke tafiya babu sallama ta dawo a fusace.

Hancinsa ne ya fara yin suna. Tun daga ƙofar gida yakan tsaya ya ja iska ya ce, "Hajiya, kwamfuresa ta ƙone," kafin a nuna masa inda firjin yake. Wata rana a wurin wani biki aka miƙa masa kofi, ya kai hanci, ya ajiye. Waɗanda suka sha suka kwana biyu suna ganin mutum ɗaya ya zama uku. Daga ranar babu ɗan Ibon da zai yi biki ko binne dattijo a Gombe bai fara kai masa kwalba ba.

Yana da yadda yake yi. Zai girgiza kwalbar ya ɗaga ta sama ya ga yadda kumfa ke tashi da yadda ke kwanciya. Zai ɗiga kaɗan a tafin hannu, ya murza har ya bushe, ya kifa tafin a hanci. Sai ya zuba rabin murfi a harshe ya lumshe ido, shagon ya yi tsit. Hukuncinsa iri biyu ne kawai. Ko ya ce, "Sha," ko ya ce, "Zuba a janareta." Shekara talatin yana wannan aiki kyauta, bai taɓa yi wa kwalba ƙarya ba, kuma da wannan yake tinƙaho fiye da gyaran firjin. Abin da ya fi tsana bayan jabu shi ne tsada. A wurinsa duk wanda ya sayi wiski da kuɗin buhun shinkafa takardar jikin kwalba ya saya.

Da yake ya san masu jabu tsofaffin kwalabe suke bi suna saye su sake cikawa, duk inda aka tashi daga biki sai ya bi ƙarƙashin tebura yana tsince su. Maƙwabcinsa yake kai wa, Malam Joda, wani Bafulatani da ya bar kiwo ya kafa tebur a gindin bishiyar da ke gefen shagon, yana sayar da zuma da man shanu da jiƙon saiwoyi na basir da shawara.

"Oga Poli, yau ma ka kawo mini kwalaben shaiɗanu?"

"Na kawo maka su ka shiryar da su."

"Sai sun sha wanki bakwai tukuna. Kai ma da za ka tsaya da na haɗa da kai."

Mutum ɗaya ne a Gombe ba ya ga-maciji da shi, Cif Ebubedike, mai sayar da tayil da bututun ruwa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Cif ya gama gidansa mai bene a Tumfure, lokacin gonaki ne kewaye da shi, ya tara jama'a. Ya fito da wata kwalba mai wuyan zinare, ya faɗi kuɗinta da ƙarfi har sau biyu, ya kira Polycarp ya zo ya shaida wa mutane irin abin da manya ke sha. Polycarp ya girgiza, ya murza, ya ɗanɗana, ya lumshe ido.

"Cif, ogogoro ne aka rina da ƙonannen sukari. Zuba a janareta."

Dariyar da aka yi ranar har masu noma a gonar da ke bayan katanga sun ji. Tun daga nan ko a coci, idan wannan ya zauna dama, wancan hagu yake nufa.

Sai ga Dennis ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, ya samu koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Yaro ne mai saurin firgita, ko waya ce ta yi ƙara sai ya dafe ƙirji. Duk 'yan matan garin nan bai ga wadda yake so ba sai Ugochi, ma'aikaciyar jinya, 'yar autar Cif Ebubedike.

A al'adarsu, kafin a yi maganar aure sai dangin namiji sun je abin da suke kira ƙwanƙwasa ƙofa. Su kai goro da bammi da kwalbar giya mai zafi. Uban yarinya ya buɗe, ya ɗiga wa magabata a ƙasa, ya sha. Idan ya karɓa, ƙofa ta buɗu. Cif ya aiko da takardar abin da za a kawo, kuma a can ƙasa ya ƙara layi guda da jan biro: "Burbon, kwalba ɗaya. Idan harshena bai karɓa ba, kowa ya kama gabansa."

Dennis ne ya kawo takardar har shago.

"Papa, Ugochi ta ce ya rantse. Ta ce tun jiya yake fito a bene."

"Mene ne kuma burbon?" in ji Ego, wadda ta biyo shi.

"Wiskin Amurka ne, Mama Dennis. Bar ni da shi."

"In bar ka da shi? Likita ya ce da hawan jininka ko warinsa kada ka ji. Ka je babban kanti ka sayi mafi tsada, a kai wa mutumin nan, yaro ya yi aurensa."

"In sayi mafi tsada? Ni? Ai ya ci ni ke nan tun kafin a fara."

Ya dai je babban kantin, mai sanyi kamar cikin firjin da ya gyaru. Wata yarinya ta buɗe kabad na gilashi ta nuna masa. Ya duba kuɗin, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa.

"'Yata, da fili ake haɗa wa mutum?"

"A'a, Baba, kwalbar ce kaɗai."

Ya juya bayan kwalbar yana karantawa a hankali, sai ya tsaya cak.

"Masara? Da masara ake yin sa? Irin wadda ake shanyawa a bakin titi a Kwadon awaki na ci?"

Yarinyar ta ce ita jiya ta fara aiki. Ya fita yana magana shi kaɗai.

Mako biyu ya yi yana yawo a keke. Ya je otal-otal, ya je shagunan da ke ɓoye kayansu a bayan katan-katan ɗin lemo. Wani mai mota ya kira shi bayan tasha ya buɗe but, ya ce kaya ne daga Kwatano, rabin kuɗi. Polycarp ya murza a tafi ya shinshina.

"Ɗana, wannan da shi ake goge hannu kafin a yi allura. Ganyen shayin da kuka sa ma ba mai kyau ba ne."

Kullum da yamma Dennis na tsaye a ƙofar shago yana cizon farce. Ya rame. Rigarsa ta fara yi masa yawa.

Ana saura kwana goma sha biyu a je ƙwanƙwasa ƙofar, Polycarp ya shiga kasuwar bariki, shagon Madam Debby, wata tsohuwa da ta fi shi daɗewa a garin. Ta fito masa da masu suna, ya ture su gefe. Can a saman kanta, bayan wata tsohuwar rediyo, ya hango kwalaye biyu da yanar gizo ta lulluɓe.

"Waɗancan fa?"

"Bar su, Poli. Tun mijina na da rai suke nan. Ba wanda ya san sunan, ga hoton alfadari a jiki. Wa zai kai wa baƙo giya mai hoton alfadari?"

Abin da Polycarp yake nema ke nan. Ya san masu jabu ba sa ɓata lokacinsu a kan sunan da ba wanda ke nema. Ya sa aka sauko da su. Burbon ne, murfi a rufe gam. Madam Debby ta ba shi a tsohon farashin da ke manne a jiki, har tana yi masa godiya ya rage mata tarkace.

A shago ya buɗe guda. Kumfa ta tashi ƙanana ta kwanta a natse. Tafin hannunsa ya yi ƙamshin gasasshiyar masara da zuma da sabon katako. Ya zuba rabin murfi a harshe, ya lumshe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Babu kowa a shagon, amma sai da ya faɗa a fili: "Sha."

Kwalbar da ba a buɗe ba ya ɓoye ta cikin wani mataccen firji a ƙuryar shago, saboda Ego. Wadda ya buɗe kuwa ya ce sai ya zurfafa bincike a kanta, kada a je a ji kunya. Binciken ya ɗauki kwana tara, ya ƙare ne da ƙarewar kwalbar. Ya mayar da ita cikin kwalinta ya miƙa wa Malam Joda kamar kullum, yana dafe da ƙugu yana cewa zaman keken nan ya tayar masa da tsohon ciwo.

Malam Joda mutum ne mai tausayi. Ya wanke kwalbar sau bakwai, ya cika ta da jiƙonsa mafi ƙarfi, mai ɓawon maɗaci da citta da tafarnuwa da wasu saiwoyi da ba ya faɗa wa kowa sunansu. Launinsa ja-ja ne, kamar shayin da ya ji wuta. Ya murɗe murfin, ya mayar cikin kwalin, ranar Juma'a da yamma ya biya ta gidan ya ba Ego.

"Madam, ga na maigida. Kyauta ce. Rabin kofin shayi kawai, kada ya wuce."

Ego tana tsakiyar suyar nama. Ta ce an gode, ta ɗora kwalin a kan kabad ɗin falo, ta manta.

Ranar Asabar da hantsi Polycarp yana fama da ɗaurin zani, ya ƙwala wa ɗansa kira. "Dennis, je ka ɗauko kwalin nan mai alfadari, yana cikin..." Bai ƙarasa ba Ego ta shigo tana faɗa a kan hular da ya zaɓa. Dennis ya fito falo zai nemi makullin shago, ya ɗaga kai, sai ga kwali mai alfadari a kan kabad. Ya gode wa Allah da ya rage masa tafiya, ya rungume shi kamar jariri har Tumfure.

Falon Cif ya cika. Dattawa shida na danginsa sun jeru da jajayen huluna. Ugochi tana bayan labule, ƙafafunta kawai ake gani. Aka yi addu'a, aka fasa goro. Aka fara magana da Ibo, amma da yake dukansu sun tsufa a Gombe, duk inda zance ya yi zafi sai ya koma Hausa. Daga ƙarshe Dennis ya durƙusa ya miƙa kwalin.

Cif ya kalli hoton. "Alfadari kuka kawo mini?"

"Ba hoton za ka sha ba, Cif," in ji Polycarp, ya harɗe ƙafa.

Cif ya zaro kwalbar ya murɗa murfin. Murfin sabuwar kwalba yakan yi ƙas idan an karya shi. Wannan ya juya shiru. Polycarp ya sauke ƙafarsa. Ya ƙura wa kwalbar ido, sai ya ga wani ɗan ɓawon itace yana lilo a gindinta. Kafin Cif ya kai bakin ƙofa ya ɗiga wa magabata, warin tafarnuwa ya riga ya iso hancin da ke gano ƙonanniyar kwamfuresa daga waje. Ya waiga ya dubi Ego. Ego ta dubi kwalin, ta ɗora hannu biyu a ka.

Cif ya cika ɗan kofi ya kafa kai. Idanunsa suka yi ja. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Wani hawaye guda ya gangaro ya shige gashin bakinsa.

"Shekara arba'in ina shan wiski," in ji Cif da wata siririyar murya, "ban taɓa shan mai kama jiki irin wannan ba. A zuba wa dattawa."

Aka zuba musu. Suka sha, kowa ya kama hannun kujerarsa. Babu wanda ya taɓa ɗanɗana burbon a cikinsu, kuma babu mai son a gane haka. Ɗaya ya ce lallai Bature ya iya abu. Wani ya share hanci da hularsa ya ce har cikin ƙashin bayansa ya ji shi.

"Amma ni wane ne da zan yanke hukunci?" Cif ya ci gaba. "Ni da aka taɓa shaida wa duniya ban san wiski ba. Ga mai harshe nan zaune. Polycarp, karɓi. Abin da ka faɗa shi ne. Idan na gaske ne, ƙofa ta buɗu. Idan kuwa jabu kuka kawo gidana, ga hanya nan."

Ya cika kofin har baki ya miƙa masa.

Polycarp bai girgiza komai ba, bai murza a tafi ba. Ya riƙe kofin yana kallon ɗansa, wanda gumi ya jiƙa wa riga har ana ganin singileti. Ƙafafun da ke bayan labule sun daina motsi. Gaskiyar tana bakinsa, kalma huɗu ce kawai: maganin basir ne wannan. Idan ya faɗe ta, ya ce wa Cif da dattawa shida sun yabi maganin basir a gaban mata. Ko jikokin Dennis ba za su ƙara taka Tumfure ba.

Ya shanye. Ɗacin ya bi ta kunnuwansa ya fita. Ya lumshe ido kamar yadda ya saba, sai dai wannan karon don kada a ga hawaye ne.

"Burbon ne," ya ce. "Na gaske."

Da yake bai saba ƙarya ba, bai san inda ake tsayawa ba. Ya ce ɗacin nan na gangar katakon da aka ajiye shi ne shekara ashirin. Ya ce tafarnuwar da suke ji alama ce ta masarar da aka noma a kan dutse. Ya ce ɓawon da ke gindin kwalbar da gangan ake barin sa, don a bambanta shi da jabu, kuma a Amurka babban baƙo ake ba ya tauna. Babban wan Cif ya ce to ai shi ne babba a nan. Aka juye kwalbar, aka zagaya da kofi karo na biyu, aka ba shi ɓawon ya tauna.

Cif ya tashi ya rungumi Polycarp ya kira shi Ogo, wato suruki. Mata suka rangaɗa guɗa. Dennis ya zauna a ƙasa daɓas.

Saura a zauna a kan jerin kayan aure, abin da akan kai magariba ana ja-in-ja a kansa. Ba a yi minti arba'in ba cikin babban wan Cif ya yi wata ƙara kamar ana jan tebur. Ya miƙe da sauri irin wanda ba a taɓa ganin ya yi ba tun da ya fara dogara sanda. Na kusa da shi ya bi bayansa. Gidan bayi uku ne da shi, masu bukata takwas. Aka ƙarasa maganar auren a tsaye a bakin lungu, kowa na dafe da bango. Aka karanto awaki huɗu, wani ya yi ihu daga ciki, "Ɗaya ta isa!" Aka zo kan doya, babban wan ya ce ta bayan ƙofa, "Mun yafe! Wa ke da buta?" Mutanen da suka san al'ada sun ce ba a taɓa gama irin wannan zama da wuri haka ba.

Ranar Litinin da safe Polycarp yana zaune a shago, fuska ta faɗa, ya kasa ko ɗaga sukudireba, sai ga motar Cif ta tsaya. Cif ya shigo a hankali, ya nemi kujera mai laushi ya zauna da gefe guda.

"Ogo, ina kwana. Yaya cikin?"

"Da sauƙi, Cif. Akwai maganar da nake so in..."

"Jiƙon Bafulatanin can ne. Na sani."

Polycarp ya buɗe baki.

"Mutum ya shekara arba'in yana zaman shago a kan benci, kana tsammanin bai san ɗanɗanon maganin basir ba? Direbana nake aikowa ya saya mini duk wata, don kada ka gan ni. Tun ina murɗa murfin na ji warinsa."

"To me ya sa ka..."

"Ni na sha jabu ban sani ba, aka yi mini dariya shekara goma sha ɗaya. Kai ka sha ka sani, ka tashi a gaban jama'a ka ce masarar kan dutse ce." Cif ya fara dariya, ya dafe ciki ya fasa. "Da ka ga fuskarka. Na so a ce an ɗauki hoto. Yanzu mun yi daidai. Yaron nan naka kuwa ina son sa tun farko, ko ruwan famfo ya kawo zan karɓa."

Polycarp ya tashi ya buɗe mataccen firjin, ya ɗauko kwalbar gasken ya ajiye a gabansa. "Ga naka. Wannan ne na yi mako biyu ina nema."

Cif ya sa ta a hammata ko dubawa bai yi ba. "Na gode. Amma ba ita ta kawo ni ba. Dattawan nan tun jiya suke buga mini waya. Babban yayana ya ce rabonsa da ya ji jikinsa sakayau haka tun yana saurayi. Sun ce ranar biki burbon ɗin nan za a sha, ba wani ba. Katan biyar. Kuma kai za ka riƙe makirfo ka yi wa jama'a bayaninsa, yadda ka yi mana."

"Cif, mutum ɗari huɗu aka gayyata."

"Ɗari biyar. Na ƙara."

Ya fita yana takawa a hankali. Polycarp ya bi shi har bakin mota, ya riƙe ƙofar kafin a rufe.

"Ogo, tsaya. Zauren da kuka kama, bayi nawa ne a ciki?"

Cif ya yi ɗan tunani. "Biyu," ya ce. "Ɗaya ba ya rufuwa."